Takardar lantarki da ake rubuta ma hoto da haske: tambayoyi da amsoshi

Assalamu alaikum ƴan uwa. Waɗanga tambayoyi sun zo ne daga ɗalibai da kuma samari masu gyaran portabul nan Yamai, bisa wata irin takardar lantarki ta ruwan kiristal wadda ake rubuta ma hoto da haske, a goge da haske, a sake rubuta wani. Masu bincike na taƙaita sunanta da ORW. Na haɗa tambayoyi masu kama da juna wuri guda, wasu amsoshin sun yi tsawo don abin na son bayani, ku bi ni sannu.

Wai mi ne ne wagga aba, takarda ce ta gaskiya?

A'a, ba itace ba auduga cikinta. Gilashi ne biyu ko roba biyu masu gani-har-hanji anka haɗa huska da huska, tsakaninsu anka zuba ruwan kiristal siriri ƙwarai, kaurinshi ƴan mikron ne kawai, alhali silin gashin kai guda na kai mikron 50 zuwa 100. Cikin gilashin guda an shafa wata roba da ake ce ma poliyimid an goge ta da ƙyalle ta huska guda, ita wannan ba ta motsi har abada. Cikin ɗayan kuma an shafa wani rini na dangin azo mai suna SD1, shi kaurinshi ma ƴan nanomita ne, ido ba ya ganinshi. Daga waje sai a manna matatar haske, wato irin baƙar ledar nan da ku masu gyara kuke ɓarewa bisa ekaran.

Iyakar abin ke nan. Ba pil, ba taranzisto, ba wayoyin kuran ko guda cikin takardar. Abin da ya sa ake kiranta takarda shi ne in an rubuta hoto shina zama nan ba tare da an ba ta kuran ba, kuma ana iya karanta ta da hasken wurin da kake zaune.

Mushe, shi ruwan kiristal ɗin ruwa ne ko dutse?

Tsakani yake. Shina gudana kamar mai, amma ƙwayoyinshi dogaye ne sirara kuma suna son su huskanci wuri guda gaba ɗayansu. A 1888 wani masanin tsirrai ɗan Ostiriya, Friedrich Reinitzer, ya lura da wani sinadari na dangin kolestarol da ke narkewa sau biyu, a digiri 145.5 shi zama ruwa mai gurɓi, a digiri 178.5 shi washe tas. Ya aika ma Otto Lehmann na Jamus, shi ne ya duba da madubin bincike ya gane wani hali ne na dabam. An daɗe ba a san mi za a yi da shi ba, sai a 1970 Martin Schadt da Wolfgang Helfrich can Suwizalan sunka hito da dabarar murɗa ƙwayoyin tsakanin gilashi biyu, wadda ita ce cikin agogon hannu da na'urar lissahi da muke saye a kasuwa har yau.

Abin da nike so ku riƙe shi ne ƙwayoyin na bin bangon da sunka taɓa. Kamar sahun salla ne, in na farko ya daidaita sai na bayanshi shi bi, na baya shi bi na gabanshi har ƙarshe. To in bangon ƙasa ya ce gabas, na bisa shi ma ya ce gabas, duk sai su miƙe sak. In na bisa ya ce arewa, sai su riƙa karkata kaɗan kaɗan daga ƙasa zuwa bisa har su murɗe. Kuma haske in ya ratsa su, shi ma sai shi murɗe tare da su.

To ƙaƙa haske ke rubutu? Nan ne ban gane ba.

Hasken rana ko na ampul shina kaɗawa ta kowace huska. In ya bi ta matatar haske sai ta bar mai kaɗawa ta huska guda kawai shi wuce, wanga shi nike kira tataccen haske. In kana da tabarau na rana mai irin wagga matata, sa shi ka dubi ekaran na ordinatar ka riƙa karkata kai, za ka ga wani wuri ekaran ya yi duhu. Wannan shi ne.

Shi rinin SD1 halinshi ke nan: ƙwayarshi na shan shuɗin haske ƙwarai in ta yi daidai da huskar da hasken ke kaɗawa, in ta sha sai ta motsa ta juya, haka za ta yi ta juyawa har ta faɗa gicciye da hasken, inda ba ta shan kome, sai ta tsaya nan. Ke nan in ka haska takardar da tataccen shuɗin haske, duk ƙwayoyin rinin sai su taru su huskanci inda kake so, ruwan kiristal da ke manne da su shi bi su, murɗin shi canza, wurin shi yi haske ko shi yi duhu.

Yadda ake yi, da farko a haska takardar duka da huska guda, wannan shi ne gogewa. Sannan a juya huskar hasken a sake haskawa, amma wanga karo ta cikin abin da ke ɗauke da hoton, ko ƙaramin ekaran ko ƴan madubai irin na cikin na'urar haska hoto a bango. Inda hasken ya taɓa ya juya, inda bai taɓa ba ya zauna yadda yake. Hoto ya hito.

Ku lura, ba a ƙona kome ba, ba a canza sinadarin ba, juya shi kawai anka yi. Shi ya sa ake iya sakewa sau da yawa ƙwarai.

Su wa sunka ƙirƙiro ta?

Aikin mutane da yawa ne. Kunihiro Ichimura a Japan ya nuna a 1988 cewa rinin azo da anka shafa ma bango na iya juya ruwan kiristal in haske ya taɓa shi, a 1991 Gibbons da abokan aikinshi a Amurka sunka yi da tataccen haske, a 1992 Schadt ɗin nan da wasu masana na Rasha sunka yi da wata roba mai ɗaurewa da haske. Ita takardar ORW kanta jami'ar kimiyya da fasaha ta Hong Kong ce ta hi kowa aiki bisa kanta, ƙarƙashin Vladimir Chigrinov da Hoi-Sing Kwok, rinin kuma daga kamfanin Dainippon Ink and Chemicals na Japan ya hito. Daidaita ruwan kiristal da haske ma ya riga ya shiga masana'anta ta wata hanyar, a 2009 kamfanin Sharp ya fara yin ekaran na tele da shi, sai dai can sau guda ake daidaitawa a ɗaure shi har abada, nan kuwa da gangan ake barinshi sake don a iya juyawa.

Daidai take da allon yaran nan da ake saidawa Babbar Kasuwa, wanda ake danna maɓalli rubutu shi goge?

Dangi ne amma ba ɗaya ba. Shi ma allon ruwan kiristal ne ciki, irin wanda ake ce ma kolestarik, kamfanin Kent Displays na Amurka ya hito da shi a 2010 da sunan Boogie Board kahin a cika kasuwa da irinshi. Shi dannawar alƙalami ke rubutu, ɗan pil ɗin da ke ciki kuma shi ke gogewa. ORW ko ka danna ba abin da zai rubutu.

Da Kindle fa?

Wannan kam wata hanya ce dabam, Kindle na'urar karatun littattahai ce mai ekaran da ake ce ma E Ink. Ita E Ink ƴan ƙunshi ne ƙanana cike da ruwa, cikinsu akwai garin launi fari da baƙi, kuran shi ke tura fari bisa ko baƙi bisa. Daga jami'ar MIT ta Amurka ta hito, an kafa kamfanin a 1997, Sony ta sa ta cikin na'urar karatunta mai suna Librié a 2004, Amazon ta hito da Kindle a 2007. Ita ma tana riƙe hoto ba kuran, amma bayan kowane ɗigo akwai taranzisto, kuma wanga faranti na taranzistoci shi ne mai tsada, shi ne kuma mai fashewa in na'urar ta faɗi. ORW ta ɗauke duk wannan ta kai cikin na'urar rubutu guda, ita takardar ta zauna wofi. Ni nan ne abin ya burge ni, na'ura guda ta ishi takardu dubu.

Kyan hoton fa, ƙaƙa yake? A gaya mana gaskiya.

To nan sai mu rarrabe, don wani wuri tana da ƙarhi ƙwarai wani wuri kuma ta gaza.

Wajen inuwa tsakanin fari da baƙi, ba ta da ta biyu cikin irin waɗanga takardu. Kindle na da mataki 16 na toka-toka. Ita kuwa tunda yawan hasken ya dogara ne da yawan murɗi, kuma murɗin na bin kusurwar da ka ba hasken rubutu, kowace kusurwa na ba da nata mataki. Waɗanda sunka yi dokar Malus a aji sun san lissahin: in haske ya ratsa sau guda, karkatar digiri 30 na barin kashi uku cikin huɗu, digiri 45 rabi, digiri 60 kashi ɗaya cikin huɗu. Duk abin da ke tsakani ma ana samu, shi ya sa hoton huskar mutum ke hitowa da laushi.

Wajen ƙanƙantar rubutu ma haka, ba ta da ɗigo-ɗigo nata na kanta tunda ba a yanka ta gida-gida ba, iyakarta ita ce iyakar na'urar da ta haska. In na'urar mai kyau ce za ka samu layi siriri wanda ya hi na ɗigo 300 a inci da Kindle na yanzu ke da shi.

Kallo ta gehe shi ma ba laihi, don ƙwayoyin duk kwance suke ba sa miƙewa tsaye kamar na tsohon ekaran ɗin da in ka karkata kai launi ke juyewa.

Inda ta gaza shi ne farinta. Matatar haske, ko wace iri ce, tana cinye aƙalla rabin hasken da ya shigo, wannan doka ce ba ƙarancin fasaha ba. Ke nan tun kahin hasken shi kai madubin da ake sawa bayan takardar shi komo an riga an yi asarar rabi, ga ɗan abin da gilashi da ledoji ke sha. Sai farin shi hito toka-toka irin na na'urar lissahi, ba fari ƙal na takardar kaye ba. E Ink ba ta da matata, shi ya sa ta hi ta kama da takarda a ido. Baƙin ma bai cika ba kullum, saboda ruwan kiristal in an murɗe shi shina ja da baya shina son warwarewa, rinin na riƙewa shi kuma shina ja, sai murɗin shi tsaya bai kai digiri 90 cif ba. Bambancin fari da baƙi ya hi kyau nesa in an sa fitila baya, in da hasken ɗaki kawai ake karantawa shina raguwa ƙwarai.

Tana iya nuna bidiyo?

A'a. Rubuta hoto guda na ɗaukar daƙiƙoƙi, gwargwadon ƙarhin hasken da irin ruwan da anka zuba, alhali bidiyo na son hoto 24 ko hiye cikin daƙiƙa guda. Masu bincike sun yi ta rage lokacin, amma ko an rage ba don bidiyo anka yi ta ba. Abin da za a rubuta a bari ne.

Launi fa?

Asalinta fari da baƙi ce. Ana iya ɗora ledar launi, sai dai kowace ledar launi ita ma haske take ci, kuma mun riga mun ce hasken bai isa ba. Abin da anka yi mai ban sha'awa shi ne a 2014 ƴan Hong Kong ɗin sun nuna hoto mai zurhi bisa irin wagga takarda, wanda ake kallo da tabarau na musamman, ido na dama na ganin hoto guda na hagu na ganin wani, duk ba kuran.

Ranar Nijar ba za ta goge hoton ba? Ai ita ma haske ce.

Wanda ya yi wagga tambaya Allah shi yi mai albarka, ita ce babba gare mu. E, rana na ɗauke da shuɗin haske da ma wanda ya hi shi ƙarhi da ido ba ya gani, kuma rinin bai san bambancin hasken na'ura da na rana ba. Abin da ya ƙara ɓata lamarin, in hasken rana ya bi ta matatar da ke bisa takardar ya zama tatacce ke nan, wato ya zama alƙalami. Sannu sannu sai shi juya ƙwayoyin duka huska guda hoton shi dushe.

Magani shi ne a kare rinin da leda mai tare shuɗi da abin da ke bayanshi. To amma dubi damuwar, in ka tare shuɗi takardar sai ta yi ɗorawa-ɗorawa a ido, kuma ta ina za ka shigar da naka hasken in za ka sake rubutu? Sai dai a riƙa cire ledar ko a rubuta ta wata huskar. Abin da ya sa takardar ta yi sauƙi shi ne dai rauninta. Cikin ofis ko parmasi da inuwa abin na da sauƙi, amma wanda zai kafa ta bakin titi a Tahoua cikin watan Afrilu sai ya yi tunani mai zurhi.

Zahi da ƙura da damina?

Ruwan kiristal na da wani zahi da in ya kai sai tsarin ƙwayoyin shi watse shi koma ruwa kawai. Wanda ake ce ma 5CB, da George Gray ya haɗa a jami'ar Hull ta Ingila a 1972, a digiri 35 yake watsewa, wato nan Yamai lokacin bazara da muke wuce 40 kullum ko cikin inuwa ba zai yi aiki ba. Wani haɗin ruwan kiristal mai suna E7 da ake yawan gwaji da shi na kai wajen 60, na cikin ekaran na motoci sun hi haka nesa. Ke nan sai an zaɓi haɗin da ya dace da mu, kuma gaban mota da anka bari rana gilashi ruhe na iya wuce 60 ɗin.

Abin daɗi nan shi ne hoton ba cikin ruwan yake ajiye ba, cikin rinin yake. In ruwan ya watse don zahi hoton ya ɓace, da ya huce sai ƙwayoyin su sake bin bango hoton shi komo, muddin rinin bai taɓu ba.

Ƙurar hunturu ba ta shiga ciki tunda an liƙe bakin, sai dai ta karce ledar waje in ana gogewa da busasshen tsumma. Laima ce abokiyar gaba, SD1 na son ruwa ƙwarai, in damshi ya samu hanya ya shiga halinshi na canzawa. Roba kuma ta hi gilashi barin damshi shi ratsa, to watan Agusta bakin kogi shi ne jarabawar takardar roba.

An ce tana lanƙwashewa, gaskiya ne?

Gaskiya ne in da roba anka yi ta. Dalili biyu. Na farko ba ta da siririn ƙarhen nan mai ɗaukar kuran da ake shafa ma ekaran, wanda shi ke tsagewa in an lanƙwasa. Na biyu haskenta ya dogara ne da kusurwar murɗi, ba da kaurin ruwan ba, to ko tazarar da ke tsakanin robobin ta ɗan canza wurin lanƙwasawa hoton ba ya ɓaci sosai. Ku masu gyara kun san yadda ekaran ke yin tabo mai launi in ka danna da yatsa, nan abin da sauƙi.

In ba ta cin kuran, ai ta dace da mu da ake ɗauke wuta.

Riƙe hoton ne ba ya cin kome. Rubutawa na ci, don sai an kunna shuɗiyar fitila mai ƙarhi ko leza, da ordinatar da zai aika hoton. Amma wannan na ɗan lokaci ne, panno guda da batir sun isa. A tunanina inda za ta yi amfani nan shi ne wurin da ake canza rubutu sau guda a yini ko a sati kuma cikin inuwa: farashin magani a parmasi, jerin darussa a lakkol, sunan marar lahiya bisa gadon asibiti, katin da ake sabunta ma kwanan wata. Dubi yawan takardar da ake bugawa a liƙa a bango gobe a yage, ga tsadar tawadar amprimanti. Da dare kuma sai da fitila, ita ba ta ba da haske nata.

Ɗalibi nan zai iya taɓa wani abu cikin wanga fanni?

Ƙwarai kuwa, kuma abin na raina. Ka samu matacciyar na'urar lissahi ko tsohon ekaran wurin masu gyara, ɓare matatu biyu, ɗora guda bisa guda ka riƙa juyawa, ka auna hasken da ke wucewa da ɗan ma'aunin haske na cikin portabul, za ka ga dokar Malus da idonka. A kula dai, in gilashin ya fashe kar a taɓa ruwan da hannu, a wanke da sabulu in ya taɓa. Daga nan sai a matsa gaba. Tambayar nan ta rana da zahi da laima, ɗakunan bincike na ƙasashen sanyi da injina suke kwaikwayon yanayin, mu kuwa kyauta muke da shi ƙohwar gida. Jami'armu ta Yamai sunan Abdou Moumouni Dioffo take ɗauke da shi, masanin kimiyya da ya ba da rayuwarshi ga binciken hasken rana, to ban ga abin da zai hana ɗalibanta ko na jami'ar Tahoua su zama masu gwada irin waɗanga kaya ba.

Ina zan same ta, kuma nawa ne?

Ba za ka same ta ba yanzu, ɗan uwa, ko Babbar Kasuwa ko Katako ko Wadata, ba ta da farashi don har yanzu kayan ɗakin bincike ce, ba ta hito kasuwa kamar E Ink ba. In wani ya nuna maka allo ya ce shi ne, duba da kyau, in akwai maɓallin gogewa da ɗan pil to allon yara ne. In karatun littattahai kake so ba tare da ido ya gaji ba kuma caji shi daɗe, nemi na'ura mai E Ink ko da ta hannu ce, ka duba ekaran ɗin cikin rana kahin ka biya, in akwai layi ko wani yanki da ba ya canzawa in an buɗe shahi to farantin baya ya fashe, kar ka saya. In don yara su koyi rubutu da lissahi ne, allon kolestarik ɗin nan ya wadatar, sai dai a riƙa ajiye shi cikin inuwa kuma a sayi pil ɗin ajiya guda.